Yadda makaranta za ta haɗa ɗalibai da magina su koyi aiki ba tare da an mayar da su leburori ba

Duk wanda ya taɓa yin gini a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san wannan maganar, da an zo wajen tayis ko fi'ofi, wato farin adon silin ɗin nan, sai kaji ana cewa a nemo 'yan Togo ko 'yan Kwatano, wai su ne hannunsu ke fita. Alhali ga yaranmu nan sun gama sakandire suna zaune a bakin layi daga safe har magariba. Abin nan yana ci min rai sosai. Ni malamin makaranta ne kuma ɗan birkila ne, da kuɗin cokalin gini aka biya min karatu, shi yasa da muka samu dama a makarantarmu muka fara tura ɗalibai wajen masu aikin gini lokacin hutu. Abin da zan faɗa anan na malamai ne da shugabannin makarantu da iyaye, da ma 'yan kwangilar da ke son su taimaka amma basu san ta inda za a fara ba.

Karon farko da muka gwada bai yi ba. Mun kwashi yara goma sha biyu muka miƙa wa wani ɗan kwangila mai kirki, muka yi godiya muka dawo gida. Bayan sati shida na tambayi ɗaya daga cikinsu me ka koya, yace Malam ɗaukar bulo da ɗiban ruwa. Ko sau ɗaya ba a bashi cokali ya riƙe ba. Ba wai mugunta aka yi musu ba, kawai babu wanda aka ɗora wa alhakin koyarwa, kuma a wajen gini duk yaron da ba shi da maigida to lebura ne. Daga nan muka sake tsari gaba ɗaya.

Fara da neman maigida, kar ka fara da tara yara. Kuma ka bambance ɗan kwangila da mai sana'a. Ɗan kwangila shi ke da wurin aiki, sai da izininsa yaro zai shiga, amma wanda zai koyar shi ne birkila ko kafinta ko filamba ko mai wayarin ɗin da ke tsaye da kayan aiki a hannu. Duka biyun kake buƙata, in ka samu yardar na sama kaɗai to abin da ya same mu zai same ka. Wajen nema kuwa ba sai ka yi nisa ba, ka duba cikin iyayen ɗalibanka, wallahi zaka sha mamakin yawan masu sana'ar da ke zuwa taron iyaye da malamai suna zama a baya basa cewa komai. Sai kuma ƙungiyar magina ta unguwa, in garinku akwai Sarkin Magina ka je ka gaishe shi ka faɗa masa ƙudurinka, ya san waye gwani ya san waye mai haƙuri da yara, waɗannan biyun kuma ba kullum suke haɗuwa a mutum ɗaya ba.

In an nuna maka mutum kar ka tsaya a labari. Je ka same shi a wajen aiki ba tare da ka sanar ba, ka tsaya gefe ka ga yadda yake magana da yaransa. Mai ashar da jifa da guntun bulo ka barshi komai ƙwarewarsa. Ka tambaye shi Baba yara nawa ka yaye, kuma suna ina yanzu? Maigida na gaske zai fara lissafo maka su da suna, wane yana Abuja wane ya buɗe nasa, har kaga fuskarsa ta canza. Sannan ka roƙa ya nuna maka ginin da ya yi shekara uku ko huɗu da suka wuce, don sabon filasta yana rufe aibi, damina ce ke tonawa.

Kuma ka faɗa masa gaskiya, yaro ɗan koyo rage masa sauri zai yi a farko, zai ɓata kwaɓi zai karya bulo. To shi me zai samu? Mu abin da muka yi shi ne duk wani gyara na makaranta, katanga ce ta faɗi ko bene ya tsage ko za a sake rufin aji, su muke ba, ba ma kai wa wani can. Ranar taron iyaye kuma a kira sunansa a gaban jama'a a bashi takardar yabo, kada ka raina wannan, mutumin da ya shekara talatin ana kiransa da kai mai gini in aka ce masa Malam a gaban mutane abin yana shiga ransa. In babban kamfani ne kuwa ka tuna musu cewa dama suna biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu ga asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa tun 1971 hedikwatarsa na Jos, horar da matasa ba baƙon abu bane a wajensu. Ofishin ITF na jiharku ma wuri ne da ya kamata shugaban makaranta ya leƙa da takarda a hannu.

Sai zaɓen yara. Anan akwai doka kuma ya kamata a sani. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a wuraren aiki irin na masana'antu, gini kuma yana ciki, sai dai in aikin koyo ne a cikin makarantar fasaha da hukuma ta amince da ita. Wanda bai kai 16 ba ba a sa shi aikin inji, ba ya wuce awa 4 a jere ba hutu, ba ya wuce awa 8 a rana. Saboda haka mu daga aji ɗaya na babbar sakandire muke ɗauka, kuma muna duba shekarun ba ajin kaɗai ba. 'Yan ƙaramar sakandire a barsu su yi nasu a harabar makaranta.

Abin da nake roƙon malamai shi ne don Allah kar a mayar da wannan wajen zubar da yaran da aka gaji da su. Da zarar ɗalibai sun fahimci cewa wanda ya faɗi jarrabawa ake turawa wajen gini, shikenan ka kashe shirin, babu mai zuciyar da zai shiga. Gini yana son mai lissafi da nutsuwa. Hanyar da ta fi mana ita ce mu ware rana guda mu gayyato masu sana'a huɗu ko biyar cikin makaranta da kayan aikinsu, a kawo bulo kamar hamsin a kwaɓa jar ƙasa maimakon siminti don a iya rushewa a sake, kafinta ya zo da zarto da guntayen katako, filamba da fayif da gam, kowa ya taɓa da hannunsa. A ranar zaka ga masu so. Akwai yaron da in an tashi kowa ya watse shi yana nan tsugune yana gyara layin da ya karkace, to irinsa kake nema. 'Yan mata ma kar a ce ba ruwansu, fenti da wayarin da zanen gida da lissafin kayan aiki duk suna iyawa, sai dai a nema musu wurin da iyaye za su natsu kuma a tura su bibbiyu da malama mai bibiya.

Yara biyu ga maigida ɗaya, iyaka uku. In kana da iyayen gida huɗu to yara takwas zaka ɗauka ko da arba'in ne suka rubuta suna, sauran su jira zagaye na gaba.

Daga nan sai gidan iyaye, kuma da ƙafa ake zuwa ba da takarda ba. Uba yawanci tambayarsa ɗaya, karatun fa? Uwa kuma tsoronta faɗowa daga sama da kuma abokan banza. Duka suna da gaskiya. Ka nuna musu cewa ba cire shi za a yi daga makaranta ba, Asabar ce da lokacin hutu, kuma ka zauna da su a daidaita da Islamiyya tunda yawancin Islamiyyu Alhamis da Juma'a suke hutu, Asabar akwai karatu, sai a san ko safe zai je aiki ko yamma. A karkara kuma dogon hutu yana faɗowa tsakiyar damina lokacin da uba ke buƙatar ɗansa a gona, gini ma yana ja baya a lokacin, to gara a ƙarfafa hutun Disamba da na wajen Afrilu. Wani uban zai ce maka ni ɗana likita zai zama ba mai kwaɓa siminti ba. Bana musu da shi, sai dai nakan tuna masa cewa gini a ƙasar Hausa sana'a ce mai sarauta, Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 har yau masana gine-gine na zuwa kallon bakan gizon, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufi, da ya ɗaura da azara da ƙasa, kuma yaron da ya san yadda ake ɗaure rodi in ya shiga jami'a karatun injiniya ya riga 'yan ajinsu gani da ido.

In kowa ya yarda sai a rubuta. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa, a karanta a gaban kowa. A sa sunan yaro da sunan wanda zai koya masa, mutum ɗaya tak da za a tambaya, da sana'ar da zai koya, ranaku da awanni, abin da ba za a sa shi ba, wa zai biya kuɗin mota da abinci, wa zai kai shi asibiti in ya ji ciwo kuma da kuɗin wa. Wannan na ƙarshen shi ake jin nauyin faɗa kuma shi ke raba zumunci in abu ya faru, gara a faɗe shi tun ana dariya. Shugaban makaranta ya sa hannu, maigida da ɗan kwangila su sa, uba ya sa, mai unguwa ya zama shaida. In kuma daga baya za a shiga cikakken koyon sana'a na shekaru, doka ta ce yarjejeniyar ta zama a rubuce jami'in ƙwadago ya tabbatar da ita, kuma kar ta wuce shekara 5.

Yanzu ga inda aikin yake. Kowane yaro a bashi ɗan littafi mai shafi arba'in, malami da maigida su zauna tare su rubuta a shafin farko abubuwan da ake so hannunsa ya iya kafin ƙarshen zango. Ba abu mai yawa ba. Ɗan koyon birkila misali, satin farko sanin kayan aiki da sunansu da wanke su, cokali, lebur na duba miƙewar gini, igiya, tef, sikwaya na duba kusurwa, da bambancin bulo mai inci 9 da mai inci 6 da inda ake sa kowanne. Eh zai ɗauki kwano zai tura baro, babu wanda ya zama magini bai ɗauka ba, amma a ƙa'ida kullum sai an bashi aƙalla awa ɗaya da cokali a hannunsa. Sannan kwaɓi, ya san buhun siminti kilo 50 ne, ya san in ance ɗaya biyu huɗu ana nufin awo ɗaya na siminti biyu na yashi huɗu na tsakuwa, kuma ya san dalilin da yasa in aka cika ruwa don kwaɓin ya yi daɗin zubawa ƙarfin kankaren ke raguwa. Ya san me yasa ake shayar da sabon kankare ruwa har kwana 7 ko fiye, cewa siminti ba bushewa yake ba haɗuwa yake da ruwan ya yi tauri, sai wajen kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Yawancin leburori sun shekara goma suna watsa ruwan nan basu san dalili ba, ɗan makaranta kuwa dalilin shi ne rabonsa. Daga nan jera bulo a kan igiya, layi ɗaya, a rushe, a sake, har ido ya fara gane karkata kafin a ɗora lebur. Kullum in an tashi yaro ya rubuta abin da ya yi da hannunsa a layi biyu, maigida ya sa hannu ko ya dangwala.

Malaman lissafi ku shigo ciki don Allah, nan ne ribar makaranta take. Akwai wani yaro da na sani, a aji in ana lissafi kansa na kan benci. Ranar da na je duba su na tarar ana fitar da harsashin wani gida, maigidansa ya kafa turaku ya ja igiya biyu, yace masa auna ƙafa 3 ta nan ka sa alama, auna ƙafa 4 ta can, to yanzu auna tsakaninsu in bai baka 5 ba kusurwar nan ba daidai take ba. Yaron ya auna ya samu biyar da ɗan ɗori, aka matsa turke kaɗan aka sake har ta zauna cif. Nace masa kasan wannan shi ne abin nan na Faitagoras da aka yi muku a aji? Ya tsaya yana kallon igiyar, can yace Malam dama abin amfani ne da shi? Dattijon kuma yace shi bai san wani Bature ba, haka ubansa ya koya masa. Satin da ya biyo yaron nan shi ya fita allo ya yi wa 'yan ajinsu bayani. Irin wannan za a riƙa kawowa aji, katanga mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3 bulo nawa za ta ci in kowace murabba'in mita tana cin kamar 10, su lissafa su samu 120 sannan su cire ƙofa da taga su ƙara na karyewa. Rodi ɗaya mita 12 ne, guda nawa za a yanka a ciki in linta kaza ce. Wanda ya iya wannan ba a cutarsa kuma shi ma ba zai cuci mai gida da kiyasin banza ba.

Maganar kariya kuwa bana sassautawa, don na ga abin da ido. A zagayen farkon nan wani yaro ya wuni yana taka kwaɓi da silifas, da daddare ƙafarsa ta yi jawur, washegari fata ta saɓule tsakanin yatsu, sai da ya yi kusan sati biyu baya sa takalmi. Ɗanyen siminti yana cin fata kamar soda, kuma baya zafi nan take shi yasa yara basa ankara. Mahaifiyarsa bata ce min komai ba, ta dai ɗaga ƙafar ta nuna min, har yau ina tuna wannan. Tun daga ranar ba mai zuwa wajen aiki sai da takalmin roba mai tsawo da safar hannu da hular kwano, da takunkumi in ana yankan tayis ko zazzage siminti saboda ƙurar tana taruwa a huhu. Kuɗin ba wani mai yawa bane in na yara takwas ne, ƙungiyar iyaye ko tsofaffin ɗalibai za su iya, kayan kuma na makaranta ne ana bayarwa ana karɓa. In siminti ya taɓa fata ko ido a wanke da ruwa mai yawa nan take, na ido kuma a wuce asibiti.

Sannan akwai abubuwan da muka ce sam ba ɗalibinmu a ciki. Hawa sikafol, wato dandamalin da magina ke hawa su yi aikin sama, ko kan rufi, riƙe injin yankan ƙarfe ko na tayis, shiga ramin sokawe ko rijiya, taɓa waya kafin a tabbatar an kashe wuta daga mita, da ɗaga rodi kusa da wayar lantarkin titi. Ranar zuba dekin kuma su tsaya ƙasa su kalla, ranar kowa a guje yake ba mai lura da yaro. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wasu leburori suna shan ƙwaya irin su tiramol don su jure aikin ƙarfi, kuma suna miƙa wa na kusa da su kamar goro. Ka faɗa wa yaran ƙarara tun kafin su je, ka faɗa wa maigida cewa amanar nan har da wannan, yaro ya ci abincinsa kusa da maigidansa. Lokacin zafin Maris da Afrilu kuma a fara da sassafe a sallame su kafin azahar, balle in ya haɗu da azumi.

Duk wannan tsarin zai tafi a banza in babu malami ɗaya da aka ce kai ne mai zagayawa. Sau ɗaya a sati, ba ranar da aka sani ba, ya je ya ga yaron da idonsa, ya buɗe littafin, ya ja shi gefe ya tambaye shi shi kaɗai. In shafi uku a jere ba komai sai ɗiban ruwa, a yi wa maigida magana cikin girmamawa, Baba yaron nan fa muna so ya fara jera bulo, in aka sake komawa ba canji a ɗauke shi a kai wani wurin ba tare da rigima ba. Haka in yaron ne ke latti ko raini, maigida ya san wa zai kira. A ba malamin nan kuɗin man babur daga asusun makaranta, kar a barshi da aljihunsa, in ba haka ba sati uku zai yi ya gaji. Kuɗin da maigida zai ɗan ba yaro kuwa mu mun barshi a matsayin na abinci da mota, bamu yarda a biya shi kuɗin yini irin na lebura ba, don da zarar ya ɗanɗana wannan sai kaga ranar Litinin babu shi a aji, shi ma maigidan sai ya fara kallonsa a ma'aikaci.

Tun kafin su gama sakandire a fara nuna musu inda hanyar ta nufa, saboda hannu ba takarda yana tsayar da mutum a ƙananan ayyuka, manyan kamfanoni da aikin gwamnati sai sun ga shaida. Akwai kwalejojin fasaha na gwamnati irin na Wudil da Bagauda a Kano ko na Malali a Kaduna, inda ake shekara 3 a rubuta jarrabawar NABTEB, wato ta kammala karatun fasaha da sana'a, ƙanen da ke ƙaramar sakandire in yana da sha'awa can ya kamata a nufa da shi kai tsaye. Akwai gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, ana farawa daga mataki na uku a hauro na biyu har na ɗaya, wanda ya koya a hannun maigida ma yana iya zuwa a gwada shi. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, da ke Kaduna kuma tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi aiki a wajen aji, irin haɗin da aka yi tsakanin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da masu sana'ar kasuwar Panteka. Littafin nan mai shafi arba'in da sa hannun maigida a ajiye shi da kyau, shi zai nuna wa mai tantancewa abin da yaro ya yi da ranar da ya yi.

Ranar rufe zango a tara iyaye da iyayen gida a harabar makaranta, kowane yaro ya yi abu ɗaya a gabansu, wannan ya tada kusurwa layi huɗu wancan ya haɗa famfo a buɗe ruwa a ga ko zai ɗiga, maigidansa ne zai duba ya faɗi ko ya yi. In akwai ɗan abin da ya rage a asusu kar a kashe shi a lemo da rumfa, a sayi cokali da lebur da tef a ba kowane ɗaya nasa na kansa, a sa maigidan ya miƙa masa da hannunsa, sannan a tsayar da ranar da zai koma.